Ina esans ɗin gurup yake tafiya idan makamashi ba ya ɓata?

Tambaya: Wani mai sayar da ƙanƙara da ruwan sanyi a unguwar Zariya ta Maradi ya aiko da wannan: "Ɗana da ke koleji ya ce an koya musu cewa makamashi ba ya ƙarewa, sai dai ya sauya kama. Ni kuwa duk sa'ad da aka ɗauke wuta na tayar da gurup, esans ƙarewa yake yi, injin kuma ya ɗau zafin da hannu ba ya iya taɓawa. Ina gaskiyar maganar?"

Amsa: Malam, abin da aka koya wa yaron daidai ne, kuma zafin nan da ya hana ka taɓa injin shi ne shaidarsa, domin a nan ne mafi yawan makamashin esans ɗinka yake komawa.

Lita guda ta esans tana ɗauke da makamashin da ya kai kimanin kilowat-awa 9, wato ma'aunin da ake lissafin wutar lantarki da shi. Asalinsa hasken rana ne wanda ƙananan halittu suka tara a jikinsu miliyoyin shekaru da suka wuce, suka rube a ƙarƙashin ƙasa suka zama ɗanyen mai irin wanda ake haƙowa a Agadem a tace a matatar SORAZ ta Damagaram. Da zarar tartsatsi ya kunna shi a cikin injin, sai ya ƙone ya zama zafi, zafin ya kumbura iska, iskar ta tura fistan, fistan ya juya ƙarfen da ke wulwula maganaɗisu a tsakiyar naɗin waya, daga nan lantarki ya fito. Wannan mataki na ƙarshe Michael Faraday ne ya gano shi a Ingila a 1831, kuma da shi ake aiki har yau a madatsar ruwa ta Kainji a Najeriya, sai dai can nauyin ruwan Kwara ne yake juya injin.

Daga waccan lita, ƙaramin gurup da wuya ya ba ka fiye da kilowat-awa 2 na lantarki. Sauran ya bi hayaƙi ta salansa, ya ɗumama ƙarfe da iskar da ke kewaye, ɗan kaɗan kuma ya zama ƙarar da ke hana maƙwabta barci. Abin ya yi kama da canjin sefa zuwa naira a kasuwa: ribar da ɗan canji ya cire ba ta ɓace daga duniya ba, aljihunka ne kawai ta bari, kuma yawan maimaita canji yawan raguwar abin da ke hannunka. Kada ka ɗora wa makaniki laifin wannan duka. Tun 1824 wani injiniyan Faransa, Sadi Carnot, ya nuna cewa duk injin da ke juya zafi zuwa motsi dole ne ya zubar da wani kaso na zafin, komai kyawun ƙirarsa. Gyara da canjin baƙin mai a kan lokaci suna rage asara, amma ba sa kawar da ita.

Juyawa ta ɗaya ɓangaren kuwa ba ta da wannan shamaki. Motsi ko lantarki suna iya zama zafi gaba ɗaya, shi ya sa dutsen guga da abin dafa ruwa suke shan wuta fiye da fanka nesa ba kusa ba, domin ɗumama lita guda ta ruwa da digiri ɗaya kacal yana cin jul (ƙaramin ma'aunin makamashi) kusan 4,200, adadin da James Joule ya auna a shekarun 1840. Zafin da ya riga ya watsu cikin iska yana nan bai ɓata ba, sai dai babu hanya mai arha ta tattaro shi a sake sa shi aiki.

Firigonka ma ba ya ƙera sanyi. Lantarki yana juya kwamfureso, iskar gas da ke zagaya bututu ta kwashe zafi daga ruwan ta zubar da shi ta baya ko ta gefe. Don haka firigon da aka manna da bango a shagon kwano a watan Afrilu yana wahala wajen fitar da zafinsa, ya daɗe yana aiki, ya ƙara cin esans.

A ganina, mai sana'a irin taka ya fi cin riba idan ya rage yawan matakan. Da tsakar rana kowace murabba'in mita tana samun kusan wat 1,000 na haske, faifan sola na zamani yana juya kusan kashi 20 cikin ɗari zuwa lantarki kai tsaye, ba ƙonawa ba juyin ƙarfe. Shi ma yana da nasa rauni, domin zafi da ƙurar hunturu suna rage ƙarfinsa, batir kuma yana cin wani kaso wajen caji da wajen sauke shi. Saboda haka ya fi kyau firigon ya yi babban aikinsa da rana, ruwa ya daskare tun kafin la'asar, sa'an nan a rage buɗe murfi da dare. Narkar da kilo guda na ƙanƙara yana buƙatar jul 334,000, wato ƙanƙarar da kanta za ta riƙe sanyin sa'o'i masu yawa ba tare da ka tayar da gurup ba.