Koci ya mayar da 'yata kan ƙaramar ƙwallo: raini ne ko dabara?

Tambayar wannan makon daga birnin Kolumbus na jihar Ohayo ta fito, daga wani bawan Allah ɗan Damagaram da ya ce a kira shi Baban Ummi. Ga abin da ya rubuto a taƙaice:

"Malam, barka da aiki. 'Yata mai shekara 11 tana buga softbol, wasan nan na dukan ƙwallo da kulki, a ƙungiyar unguwa. Bana aka ɗaga ta zuwa ajin da ake wasa da babbar ƙwallo, amma sai ga koci ya turo mu sayo wasu 'yan ƙananan ƙwallayen roba masu huji da ƙwallon tanis, wai da su za ta riƙa atisaye. Ni aikin dare nake yi a sito, kuɗin rajistar ma da ƙyar na haɗa. Anya ba gani ya yi mu baƙi ne ya mayar da ita baya ba? Sannan sun ba ni fom na cike in riƙa taimakawa a fili, alhali takarduna suna hannun lauya. Ga Hajiyata a gida ta ga bidiyon jikarta da kulki, ta ce wannan ba tarbiyya ba ce."

Baban Ummi, Allah ya raya mana Ummi. Ka kwantar da hankalinka a kan kocin nan. Wanda ya raina yaro ba ya ba shi aikin gida. Benci yake ajiye shi ya manta da shi.

A Amurka yara mata 'yan shekara 10 zuwa ƙasa da ƙwallo mai kewayen inci 11 suke wasa. Daga ajin 'yan shekara 11 da 12 sai a koma mai inci 12, wadda ita ce har jami'a da wasannin Olamfik. Inci ɗaya a baki ba komai ba ne, amma ka ɗora ƙwallon a tafin yarinya 'yar shekara 11 ka gani: yatsunta da ƙyar suke zagaye rabinta. Ita ma mai jefa wa masu duka an ƙara mata nisa, daga ƙafa 35 zuwa ƙafa 40, jifan kuma ya ƙara ƙarfi don masu yin sa sun girma. Shekarar da Ummi take ciki ke nan, kuma a nan ne yara da yawa suke ruɗewa, yarinyar da bara take dukan komai bana ta koma dukan iska.

Abin da kocin yake nema shi ne idonta ya yi kaifi. 'Yar ƙwallon robar nan mai huji, girmanta kamar na ƙwallon golf ne, kuma sau da yawa da siririyar sanda kamar ta tsintsiyar Bature ake dukanta. Idan kanta ya ɗan motsa, ko ta ɗauke ido kafin ƙwallo ta iso, ba za ta ko shafe ta ba. Babbar ƙwallo tana rufa wa yaro asiri, ko ya doki gefe za ta gangara, iyaye su yi tafi. Ƙaramar ba ta da wannan kara. Yarinyar da ta yi minti goma tana fama da ita, in aka jefo mata ƙwallon softbol ruwan ɗorawar nan mai inci 12 sai ta ga kamar kabewa ce take tahowa. Yaran Jamhuriyar Dominika, ƙasar da ta cika manyan ƙungiyoyin besbol (ɗan'uwan softbol) na Amurka da 'yan wasa, da murfin gorar ruwa da sandar tsintsiya suke koyon duka a kan titi. Talauci ne ya fara sa su, amma yau masu kuɗi saya suke yi a kanti su kwaikwayi abin.

Wajen cafewa ma haka ne. Safar hannun softbol faffaɗa ce, yaro kan miƙa ta kawai ya jira ƙwallo ta faɗa ciki. In aka cire safar aka gangaro masa ƙwallon tanis, dole ya durƙusa, ya sa hannu biyu, ya karɓe ta da laushi, in ba haka ba ta yi tsalle ta bar shi. Na taɓa zama a gefen fili ina kallon wata koci tana yi wa yara wannan. Ta zauna a kan bokiti, tana gangaro musu ɗaya bayan ɗaya, wata dama wata hagu. Wata 'yar siririya ta zubar da biyar a jere har ta fara matsar ƙwalla, sai a ta shida ta sauke kugunta ƙasa sosai, ƙwallon ta shige hannunta shiru kamar ƙwai. Ba wanda ya yi mata bayani. Hannun ne ya gane. Nan take na tuna yayyena mata suna carafke da tsakuwa a tsakar gida, ido a sama, hannu yana kwasa a ƙasa.

Sai dai akwai inda za ka sa ido. Jifa, musamman in Ummi tana son zama mai jefa wa masu duka, da ƙwallon ajinta ya kamata ta koye shi, domin riƙon yatsu da nauyi su ne aikin. Kowane atisaye kuma a rufe shi da ƙwallon gaske. Kada ka ce bari ka yi araha ka sayo ta besbol mai tauri ku riƙa duka da sandar softbol ɗinta. Ƙwallon besbol inci 9 ce da 'yan kai, ta fi saurin tafiya, tana iya fasa sandar mai tsada, tana kuma iya fasa leɓe. Ta roba da ta tanis sun ishe ku, su ne ma mafi arha a duk kayan wasan, kuma da wuya su fasa gilashin maƙwabci, wanda a ƙasar nan ba ƙaramar magana ba ce. Ka tashi daga barcin rana, kafin ka tafi sito, ka zauna a kan bokiti ka jefa mata talatin. Minti goma sha biyar ne.

Batun fom kuwa, raba shi gida biyu. Rajistar Ummi ba ta shafi takardunka ba. Ƙungiyoyi irin su Little League takardar haihuwar yarinya suke nema da shaidar adireshi ko ta makarantar da take. Fom ɗin masu taimakawa daban ne: ana neman katin shaida mai hoto, ana kuma binciken tarihin mutum duk shekara, don kare yara. Ba ofishin shige da fice ba ne, amma tunda shari'arka tana tafiya, ka ɗauki hoton fom ɗin ka tura wa lauyanka kafin ka sa hannu. Sunanka da ranar haihuwarka su zo daidai da yadda suke a sauran takardunka, harafi da harafi. Mu da muke da Mahamadou a fasfo da Muhammad a katin masallaci mun san wahalar wannan. In lauya ya ce dakata, ka ce wa koci aikin dare ya hana ka, ba ƙarya ka yi ba. Zama a kujerar 'yan kallo ba ya buƙatar fom.

Hajiya kuma kada ka yi musu da ita a waya. Abin da ya dame ta shiga ce da cuɗanya, kulkin ba shi ne ba. Softbol na cikin wasannin da suka fi sauƙi ga 'yar Musulmi: wando ne har ƙasa da gwiwa da doguwar safa, ana iya sa riga mai dogon hannu a ciki, ƙungiyar kuma mata ce zalla. A jiharku ma, bayan an soke sakamakon wata ɗaliba a tseren gudu a 2019 saboda hijabinta, an kafa doka a 2022 da ta hana makarantu tauye ɗalibi a wasanni don suturar addini. Ƙungiyar unguwa ba makaranta ba ce, don haka ka tambayi koci tun yanzu, ka kuma gwada hular kwano a kan hijabin a kanti kafin ka biya, kada ta matse ta.

Bidiyo na gaba da za ka tura gida, kada ya zama na fili da ihun Turawa. Ɗauki Ummi a bayan gida da hijabinta tana cafe ƙwallon tanis da hannu, ta gaida kakarta da Hausa, ta ce mata carafken Amurka take koyo, ta kuma tambaye ta tsakuwa nawa take kwashewa a zamaninta.