Jeff Astle da tatsuniyar "ƙwallon dā ce mai nauyi"

Tambaya: Likita, ina horar da yara 'yan ƙasa da shekara 12. Na ji an ce buga ƙwallo da ka ne ya kashe Jeff Astle na West Brom, hankalina ya tashi. Amma abokaina sun ce ƙwallon fata ta zamaninsu ce mai nauyi, ta yanzu ba ta da illa. In ci gaba da koya musu sa kai?

Amsa: Malam, gara da hankalin naka ya tashi. Astle ya zo West Brom daga Notts County a 1964, ya ci musu ƙwallo 174 a wasa 361, da yawa da ka, har magoya baya suka riƙa kiransa Sarki. Shi ya jefa ƙwallo ɗaya tilo a ragar ƙungiyar Everton a wasan ƙarshe na Kofin FA a 1968, ita kam da ƙafar hagu. Ya mutu a Janairun 2002 yana da shekara 59, bayan cutar mantuwa ta cinye shi. Mai binciken musabbabin mutuwa ya ce sana'arsa ce ta jawo masa. A 2014 Dakta Willie Stewart na Glasgow ya sake duba ƙwaƙwalwarsa, ya ga CTE, irin lalacewar da aka sani ga 'yan dambe.

To, sai maganar abokanka, wadda na gaji da ji. Tun 1937 doka ta ƙayyade nauyin ƙwallo, kuma na yau bai bambanta ba, giram 410 zuwa 450. Gaskiya ta fata tana shan ruwa ta yi nauyi, amma in ta jiƙe gudunta raguwa yake. Ta yanzu ba ta shan ruwa, sai dai ta taho kamar harsashi. Ƙwaƙwalwa kuwa ba ruwanta da fata ko roba, girgizar da take sha a cikin ƙoƙon kai ita ce matsalar, musamman in ana maimaitawa kullum. Binciken Jami'ar Glasgow na 2019 kan tsofaffin 'yan wasan Scotland 7,676 ya nuna haɗarin mutuwarsu ta cututtukan lalacewar ƙwaƙwalwa ya ninka na sauran jama'a kusan sau uku da rabi. Da aka zurfafa a 2021, sai aka ga masu tsaron baya sun fi kowa shiga haɗari, na masu tsaron gida bai wuce na kowa ba, kuma sauyin zamani bai rage komai ba. In da laifin fata ne, ai da an ga sauƙi bayan an daina amfani da ita. Masu cewa "mu ma mun yi, ga mu lafiya" kuwa, su jira tukuna, ciwon nan sai bayan shekaru yake bayyana.

Hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila, wato FA, sai a 2020 ta hana 'yan firamare sa kai a atisaye, shekara 18 bayan an binne Astle. Kai kada ka jira wata hukuma. Cire shi daga atisayen yaranka, a yi wasa a ƙasa. Yaron da ya bugu a ka ya ce yana jin jiri ko ciwon kai, fitar da shi a kai shi asibiti, ba a watsa masa ruwa a ce ya koma fili ba.