Kafiretar tsohuwar a-kori-kura: a gyara ta ko a sayi wata?

Tambaya: Malam, ina da a-kori-kura ƙirar Toyota ta 1984 mai injin 22R, kuma har yanzu kafiretar da ta zo da ita daga kamfani ce a jikinta. A 'yan kwanakin nan tana wuyar tashi da safe, silonta ba ya tsayawa wuri ɗaya, tana fitar da baƙin hayaƙi, ga kuma shan mai da ya ƙaru. Wani bakanike ya ce a kwance ta a sake mata kayan ciki, wani kuma ya ce wannan ɓata lokaci ne, gara in sayi sabuwa. Wace shawara zan bi?

Amsa: Malam, abin da zai raba wannan gardama shi ne lafiyar gangar jikin kafiretar. Idan gangar ba ta tsage ba, ba ta lanƙwashe ba, kuma sandar da ke juya faifan totur ba ta cinye mazauninta ba, to gyara ya fi, domin kamfanin Aisan ya ƙera wannan kafireta ne daidai da buƙatar injin nan, kuma da wuya ka samu wata da za ta zauna masa kamarta.

Amma kafin a kwance ko da noti ɗaya, sai an tabbatar cewa laifin nata ne, saboda an daɗe ana ɗora wa kafireta laifin da ba ta yi ba. Fulogi da ya mutu, ko tayimin da ya goce, ko tiyon iska da ya tsage, ko filtar iska da ƙura ta toshe, kowanne yana iya kawo rawar silo da wuyar tashi. A duba waɗannan, a kuma auna matsin silinda, domin injin da zobban fistansa suka gaji ba zai daidaita ba ko da wace kafireta aka ɗora masa. Wanda ya sayi sabuwa alhali cutar tana wajen wuta, an gudu ne ba a tsira ba.

Baƙin hayaƙin da ka ambata yana nuna cewa mai ya rinjayi iska. Injin fetur yana ƙone man sarai ne idan iska ta kai kimanin kashi 14.7 a kan kashi 1 na mai ta fuskar nauyi, kuma abubuwan da suka fi ɓata wannan ma'auni a kafireta ƙanana ne masu sauƙin sauyawa. Akwai ɗan kwanon da mai ke taruwa a cikinsa, da fulot da ke yawo a saman man yana tura wata allura ta rufe hanya idan kwanon ya cika. Idan bakin allurar ya cinye, ko fulot ɗin ya sha mai ya yi nauyi, sai man ya wuce iyakarsa ya riƙa kwarara cikin inji. Kafiretarka tana da ɗan gilashi a gefen kwanon, saboda haka kana iya gani da idonka ko man yana tsakiyar gilashin ko ya haura. Haka kuma a leƙa faifan cok, wato faifan da ke rage wa inji iska lokacin da yake da sanyi, bayan inji ya yi zafi, a ga ko ya buɗe gaba ɗaya. Akwai kuma wata cuta da aka san injin 22R da ita: yana da ƙaramin famfo na taimako da ke ƙara mai lokacin da inji ke da sanyi, kuma idan fatar robar da ke cikinsa ta yage, inji yakan zuƙi mai kai tsaye ta siririn tiyon iskar da ke haɗe da shi. A zare tiyon a duba. Idan akwai danshin fetur a ciki, an kama ɓarawon. Duk waɗannan gyara ne ke maganinsu.

Abin da kayan gyara ba sa iya warkarwa shi ne lalacewar ƙarfen kansa. Sandar totur tana juyawa a cikin ramin gangar duk lokacin da aka taka ko aka saki, kuma bayan shekaru masu yawa ramin yakan faɗaɗa, iska ta riƙa satar hanya ta wurin, silo ya ƙi tsayawa komai ƙwarewar mai saiti. Ka kama sandar ka girgiza ta sama da ƙasa; idan tana motsi har kana ji a yatsunka, ramin ya cinye. Ana kuma fesa maganin wanke kafireta a bakin sandar yayin da inji ke silo, idan ƙararsa ta sauya to iska na shiga, sai dai a yi hattara domin maganin yana kama wuta. Wannan ma ba ƙarshen kafireta ba ne idan akwai mai injin sassaƙa ƙarfe da zai faɗaɗa ramin ya sanya bush, wato zoben ƙarfe da sandar za ta riƙa juyawa a cikinsa, amma aikin ƙwararre ne. Inda nake cewa a haƙura shi ne idan gangar ta tsage, ko gindinta ya lanƙwashe saboda ɗaurin da ya wuce kima, ko ruwan da ya kwanta a ciki ya cinye siraran hanyoyin mai har suka yi farin gari, ko kuma wani ya taɓa huda jet-jet ɗin, wato ƙananan kafofin da ke auna man da ke wucewa, da waya.

Idan an tsaya a kan gyara, a sayi kayan da lambarsu ta dace da lambar da ke jikin kafiretar, domin ko a injin iri ɗaya akwai bambanci daga shekara zuwa shekara da kuma daga kasuwa zuwa kasuwa. A ɗauki hoton kowane tiyo da sifirin kafin a cire. A ƙirga zagayen sukurun saitin mai ta hanyar ɗaure shi a hankali har ya zauna, sannan a rubuta adadin. A wanke hanyoyin da magani, a hura su da iska mai ƙarfi, a auna tsayin fulot kamar yadda littafin kamfani ya faɗa. Yawancin gyaran da ake cewa bai yi ba, fakin kawai aka sauya aka mayar, ba a wanke hanyoyin ba, ba a kuma auna komai ba.

Idan kuwa sauyi ya zama dole, abin da na fi so shi ne irin ta asali da wani kamfani mai suna ya sabunta, domin komai zai koma mazauninsa. Ta biyu ita ce Weber 32/36, wadda masu wannan inji da yawa ke ɗorawa. Lambobin nan, 32 da 36, faɗin maƙogwaronta guda biyu ne a milimita, kuma tana da sauƙin saiti. Sai dai tana buƙatar farantin da zai haɗa ta da manifol, wato bututun da ke kai mai da iska cikin inji, da gyaran igiyar totur, da wata filtar iska, kuma ba ta son matsin mai ya wuce kimanin psi 3 (psi ma'aunin matsi ne), don haka sau da yawa sai an ƙara na'urar rage matsi. Tiyoyin rage hayaƙi da dama ba za su samu wurin shiga ba, abin da ke iya saɓa wa doka a ƙasashen da ake gwajin hayaƙin mota. Kwaikwayon da ba shi da sunan kamfani kuwa sa'a ce, wata ta yi aiki, wata ta zo da jet da bai dace ba tun daga cikin kwali.

Kowace hanya ka bi, a sauya filtar mai a kuma duba cikin tanki, domin tsatsar tsohon tanki za ta toshe sabuwar kafireta kamar yadda ta toshe tsohuwar. Idan fetur ɗin da kake sha yana da gaurayen etanol, a nemi kayan roba masu jure masa, kuma kada a bar mai ya daɗe a kwanon idan motar za ta yi watanni a ajiye. Tsohuwar kafiretar kuma, idan ba a karɓe ta a matsayin musaya ba, ka adana ta da duk ƙananan ƙarafunanta, saboda an daɗe da daina fitar da motoci masu irinta kuma wasu sassan nata ba sa zuwa a cikin kayan gyara.