Freud da waƙar wa'azi, anya za su zauna inuwa ɗaya?

TAMBAYA: Salamu alaikum Anti. Ina mastas a wata jami'a nan Legas, sufabaiza na ya ce in ɗora ra'in Freud a kan rubutattun waƙoƙin Hausa in duba yadda mawaƙa ke kallon haƙiƙa. Wallahi kullum a danfo daga Agege nake karatun amma kaina ya kulle, ga Baba yana cewa ilimin masu taɓin hankali na ɗauko. Dan Allah ta ina zan fara? Ƙanwarki daga Agege.

AMSA: Wa alaikissalam ƙanwata. Toh ki kwantar da hankalinki, ki kuma lallaɓa Baba, don Freud likita ne a birnin Viyana na ƙasar Austiriya kuma da masu lalurar ƙwaƙwalwa ya fara, Baba bai yi nisa da gaskiya ba. Sai dai a 1908 ya yi wata maƙala a kan marubuta da mafarkin ido biyu, ya ce abin da mutum ya so bai samu ba, shi yake saƙawa a zuci, mawaƙi kuma ya yi masa ado har mu saurara ba kunya. Da ita za ki fara, gajera ce. Lacan na Faransa, wani masani mai bin sahun Freud, ki bar shi sai gaba, shi da ya ce akwai wata haƙiƙa da harshe ba ya iya kamowa, yana da daɗi amma zai cinye miki shekara.

Ga inda nake so ki tsaya sosai. A wurin Freud haƙiƙa ita ce wannan duniyar da ke taka wa son rai burki, a wurin mawaƙin wa'azi kuwa irin su Aliyu Namangi na Zariya mai Imfiraji, duniyar ce ma ruɗin, budurwar wawa, haƙiƙa tana can bayan kabari, kin ga kenan abin da ɗaya ya kira farkawa ɗayan barci yake ce masa. Wannan saɓanin shi ne bincikenki, kar ki ɓoye shi don ra'in ya zauna daidai. Yana min ciwo in ga ɗalibi ya murɗe baiti sai ya faɗi abin da Bature ya faɗa.

Mawaƙi ɗaya ya isa, ki karanta baitocin da murya kamar yadda almajirai ke rera su, ki ja layi duk inda ya ambaci mafarki, barci ko duniya. Sannan ki kai wa malaminki shafi biyu kafin ki taɓa babi na ɗaya.