Amsa ga mai tsoron hawa gadon awo

Baiwar Allah da kika ce cikinki wata bakwai, kin daina zuwa awo tun ranar da aka ce ki hau gado a sa miki hannu, saboda abin da aka yi miki kina yarinya, har kina tunanin haihuwa a gida: wallahi tun jiya nake ɗaukar waya ina ajiyewa. Kamar labarina kika rubuta.

Ni ina shekara tara aka yi mini, kuma ɗan uwan babanmu ne, wanda har yau in ana suna shi ake fara shimfiɗa wa darduma. Da na faɗa wa Inna sai ta toshe mini baki, ta ce a rufa asiri kar zumunci ya lalace. Na ɗauka na manta, har aka yi mini aure, har daren naƙudar fari.

Wajen ƙarfe biyu nas ɗin ta shigo tana sa safar hannu, ko sannu babu. Ƙarar robar nan da ta ja ta saki a wuyan hannunta, har yau tana kunnena. Jikina ya sandare, na matse ƙafafu, murya ta ƙi fita. Ta ɗaka mini duka a cinya, ta ce ai lokacin da nake tare da mijina ban matse ba. Ta kira wata ta danne ni. Idona yana kan fanka, amma ni ina soron gidanmu, ƙamshin turarensa ya cika mini hanci. Da aka ɗora mini jaririyar sai na ji kamar 'yar maƙwabta aka ba ni riƙo. Kuma a gida na yi wanka, ya zo barka, ya ɗauke ta a hannunsa, ya ajiye mini dubu biyu. Jaririyar mace ce fa! Ban yafe ba, kuma don Allah kar wata ta zo tana ce mini in yi haƙuri.

Amma ki ji ni, kar ki zauna a gida saboda wannan. Zubar jini da jijjiga ba sa sallama. Yawancin awo ma auna hawan jini ne, da gwajin fitsari da jini, da jin bugun zuciyar ɗa, da sikanin ta saman ciki. Ba kowane zuwa ake sa hannu ba, in an ce za a sa ki tambayi dalili. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ga mai ciki sau takwas, ke kuma kina watannin da aka fi bukatar ganinki.

A cikina na biyu na yi ta lura da ma'aikatan har na ga wata dattijuwa mai sanyin magana. Na jira layi ya ƙare. Ban ba ta labari ba, cewa kawai na yi, "Anti, an cutar da ni ina ƙarama, in aka taɓa ni ba zato firgita nake." Ta ajiye biro ta dube ni, ta ce ta gane. Muka yi da ita za ta faɗa mini kafin ta taɓa ni, in na ce tsaya ta tsaya, a ja labule, ba ɗalibai. Ta sa alama a katina don masu aikin dare. Duba buɗewar bakin mahaifa a naƙuda, duk bayan awa huɗu hukumar nan ta ba da shawara, ba duk wanda ya gifta ba. Hukumar ta kuma ce a bar mace da wanda ta zaɓa a kusa da ita. Ba kowane asibiti ke yarda ba, shi ya sa ki tambaya tun yanzu. Ni yayata ce ta riƙe mini hannu tana kiran sunana, tana faɗa mini inda nake. Kwanciya rigingine ita ta fi tayar mini da hankali, sai na roƙa na yi yawancin naƙudar a gefe.

Mijinki kuwa, ke kika san halinsa. Nawa sai bayan shekara huɗu ya sani, ya yi kuka, amma na san wadda aka yi wa gori da shi.

In kina Kano akwai cibiyar Waraka, Kaduna akwai Salama, Sakkwato akwai Nana Khadija, suna da masu sauraron irinmu cikin sirri. Sannan ki shirya wa jego. Ba wanda ya gaya mini shayarwa ma za ta iya dawo da abin, ko wankan da tsohuwa za ta tuɓe ki tana daddanna miki jiki. A na biyu da kaina na yi wankana, a ɗakina, suka yi surutunsu suka gaji. In mutumin yana shiga gidanku, kar ki je goyon ciki can.

Allah ya sauke ki lafiya. Yaushe ne ranar awonku? Ki nemo katin nan tun daren yau.