Rimi: sunan mutum ne ko sunan gari?

Malam, ka tambaya ko Rimi sunan yanka ne ko sunan gari, kuma wanne ya riga wani, saboda ka ji ana kiran mutum da shi, ka kuma ga an rubuta shi a allon bakin hanya. Na yi shekaru ina koyarwa a makarantun firamare, ina cika rajistar yara da hannuna, don haka zan amsa maka da abin da na gani.

Asalin kalmar itace ce. Rimi shi ne dogon itacen nan mai kaurin gindi, wanda saiwoyinsa ke fitowa sama kamar katanga, kuma idan 'ya'yansa suka bushe suka tsage sai audugarsa ta riƙa tashi cikin iska. Da wannan audugar iyayenmu suke cika katifa da matashin kai, har da lifidin dawakai. Amma abin da ya sa rimi ya shiga sunayen wurare shi ne tsayinsa, domin fatake da matafiya sukan hango shi tun suna nesa, kafin su ga ganuwa ko rufin ɗaki. Shi ya sa ake yi masa kirari da rimi adon gari. Idan mutane suka saba cewa "mu haɗu a gindin rimi", ko "ya sauka a rimi", to a hankali sunan yakan manne wa wurin, ko da itacen ya faɗi daga baya.

Da yake rimi ba ɗaya ba ne, sau da yawa sai an ƙara wata kalma domin a bambance. A jihar Katsina akwai ƙaramar hukumar Rimi, akwai kuma garin Rimaye, wanda jam'in kalmar ne. A Kano akwai Rimin Gado da Rimin Kebe da Kasuwar Rimi, a Kaduna akwai Unguwar Rimi, a birnin Zariya kuwa, inda aka san shi da yawan rimaye tun da can, akwai Rimin Tsiwa da Rimin Doko. Waɗannan wurare ba su da wata dangantaka ta jini da juna; kowanne da nasa itacen ya samu sunan. Haka abin yake ga wasu itatuwan, kamar Kurna da Ɗorayi a Kano, da Magarya a ƙasar Damagaram ta Nijar.

Game da mutum kuwa, ban taɓa halartar raɗin suna inda liman ya ce an sa wa jariri Rimi ba, kuma ba na jin za ka halarta. Sunan yanka a wurinmu Muhammadu ne ko Abubakar ko Usman da makamantansu. Rimi yakan zo ne daga baya, a matsayin sunan garin da mutum ya fito. Misali mafi shahara shi ne marigayi Muhammadu Abubakar Rimi, gwamnan tsohuwar jihar Kano daga 1979 zuwa 1983 a ƙarƙashin jam'iyyar PRP, wanda ya rasu a 2010. Shi ɗan ƙauyen Rimi ne da ke ƙasar Sumaila, ba Rimin Katsina ba, kuma na sha jin matasa suna rikita wannan. Hanyar da ya bi ita ce wadda Malam Aminu Kano da Alhaji Shehu Shagari suka bi, wato a jingina mutum ga garinsu.

Dalilin wannan al'ada na gan shi da idona a aji. Idan ka tambayi yaro sunan mahaifinsa, sai ya sunkuyar da kai ya yi shiru, domin kunya ba ta barinsa ya faɗa, musamman a gaban manya. Malami kuma dole ya cika gurbi biyu a rajista, ga masu suna Musa guda huɗu a aji ɗaya, sai ya rubuta sunan garin yaron ya wuce. Daga nan sunan ya hau takardar shaidar kammala karatu, ya bi mutum wurin aiki, har 'ya'yansa su gaje shi alhali ba su taɓa kwana a garin ba. Wata shekara na samu yara biyu masu ɗauke da Rimi a aji ɗaya, kowa yana zaton wa da ƙane ne, sai da iyayensu suka zo muka gane cewa ko jiha ba su haɗa ba.

Akwai wata hanya dabam da sunan itace ke hawa kan mutum, wato kirari, kamar yadda ake kiran Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello da Gamji saboda girma da faɗin inuwar itacen. Wannan bai biyo ta wani gari ba, kai tsaye aka kwatanta shi da itacen. Saboda haka idan ka haɗu da mai suna Rimi, ka tambaye shi wane Rimin ne nasu, kuma a wace ƙasa yake.