Tsinkakkiya Ko Lalatacciya? Zaɓen Sifa a Jarrabawar Nahawu

Wata ɗaliba mai shirin jarrabawa ta aiko da tambaya, ta ce a takardar gwaji an ba su wannan jimla: "Ma'aikata sun cire ______ igiya daga jikin injin." Kalmomin da aka jera mata su ne karyayyiyar, fasasshiyar, tsinkakkiyar da lalatacciyar. Ta ɗauki lalatacciyar, malami ya soke, ita kuwa har yanzu ba ta ga laifin amsarta ba, tunda duk igiyar da ta tsinke ai ta lalace.

Ɗiyata, hujjarki ba ta banza ba ce, domin jimlar da kika gina ba ta karya dokar nahawu ba. Igiya jinsin mace ce, kin ba ta sifa ta mace, kin kuma rufe sifar da -r kamar yadda ake cewa farar riga, saɓanin farin gida. Sai dai mai tsara tambayar ya riga ya daidaita jinsi da adadi a dukkan kalmomin huɗu, saboda haka ba nan yake gwada ki ba. Abin da yake so ya gani shi ne ko kin san aikatau ɗin, wato kalmar aiki, da kowace sifa ta fito daga cikinsa, da kuma irin abin da wannan aikatau yake faɗa wa.

Bahaushe ya raba ɓarna gida-gida. Sanda da ƙashi karyewa suke yi, gilashi da ƙwai fashewa, takarda da tufafi yagewa, zare da igiya kuwa tsinkewa. Daga nan ne aka sami karyayye, fasasshe, yagagge da tsinkakke, kowanne da macensa da jam'insa, kamar tsinkakkiya da tsinkakku. Ita lalacewa ta haɗe su duka, kuma wannan faɗin nata shi ne ya kayar da ke: ana iya cewa lalatacciyar mota, lalatacciyar waya, har lalatacciyar tarbiyya, amma babu mai cewa tsinkakkiyar mota. Idan aka ce ki zaɓi mafi dacewa, sifar da ta keɓanta da sunan ita ce amsa, ko da akwai wata da za ta iya zama a gurbin ba tare da ɓata jimla ba. Ina jin takaicin yadda ɗalibai masu ƙoƙari suke asarar maki a nan, alhali a bakinsu na kullum ba su taɓa cewa igiya ta fashe ba.

Wani mai karatu kuma ya tambayi bambancin babba da ƙato, wai ya ga suna musanya wuri. Suna musanyawa a wasu wurare, kamar babban dutse da ƙaton dutse, amma kama da wane ba ta wane. Ƙato ya tsaya ga girman jiki, babba kuwa ya ƙunshi shekaru da muƙami da daraja. Karin maganar da ake cewa babba juji ne tana nufin shugaba ko dattijo shi ke ɗauke kwaramniyar kowa ya haƙura, kuma da za a sa ƙato a wurin, da ma'anar ta rushe gaba ɗaya. Saboda haka in jimlar jarrabawa tana maganar mutunci, babban mutum za ka zaɓa. In tana maganar wanda ƙofa ta yi wa kaɗan, to ƙato ne, ko ma shirgege.

Akwai wani tarko da ya kamata ku biyun ku lura da shi, wato amsa-kama, kalmar da ke biyo bayan sifa don ƙarfafa ta. Fat ta fari ce, ƙirin ta baƙi, wur ta ja, shar ta kore, tukuf ta tsoho. Idan aka ce "Ya sayo riga ______ fat," to kalmar ƙarshe ta riga ta tona amsar, kuma fara za a rubuta, ba fari ba, saboda riga mace ce.